Gangar Baba a Bakin Lasifika

Litinin, 7 ga Agusta, bayan azahar

Mun dawo daga asibiti. Likita ya sa aka tura Baba waje a keken marasa lafiya, ya tsayar da ni da Yaya Habibullahi, ya rufe ƙofa. Bai daɗe yana magana ba. Yaya ya yi ta yi masa tambayoyi, ni kuwa fankar sama nake kallo, tana jan jiki da ƙyar, ina cewa a raina kafasitonta ne ya mutu. Abin da na iya riƙewa ke nan a ɗakin.

Baba zai zauna a gidan Yaya a Limawa, nan cikin Dutse, don ya fi kusa da asibiti, kuma shi ne babba. Inna ta iso daga Miga da kayanta a ƙunshe cikin zane. Ta tambaye ni abin da aka ce. Na ce an ƙara magani.

Wannan littafin da nake zana tsarin haɗa wayoyi a ciki ne, a shagona na gyaran amfilifaya da lasifika a Yalwawa. Juyo shi na yi ta baya. Ban taɓa yin irin wannan rubutun ba.

Laraba, 9 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Na kai wa Baba kunun da matata Mashkura ta dama. Cokali uku ya sha. Da Inna ta fita wanke kofi sai ya yafito ni.

"Musaddiq, wannan aikin naka, yana iya kama ganga?"

Na ce yana iyawa.

Shekara arba'in da wani abu Baba yana kaɗa gangar noma a Miga da ƙauyukan gefenta. Duk gayyar da za a yi, sai an aiko masa da goro, Jaji Mai Ganga ake ce masa. Kowane ƙaƙƙarfan manomi yana da takensa, in Baba ya kaɗa shi mutum zai ji kamar an zuba masa sabon jini, ya sunkuya da garma ba zai ɗago ba sai ƙarshen kunya. Yau ya ƙirga mini su da yatsu. Mutum goma sha tara. Sha bakwai suna ƙarƙashin ƙasa.

"'Ya'yansu ba su san ubanninsu suna da take ba. A hannuna kawai yake."

Ina da wani ɗan abin da na ɗauka da waya a gayyar ƙarshe da ya yi, shekara uku ke nan. Na kunna masa a kunne. Ya saurara har ya ƙare, ya ture wayar.

"Wannan gwangwani ne. Ina ƙugin? Gangata ba da kunne ake jin ta ba, da ƙirji ne."

Alhamis, 10 ga Agusta, bayan la'asar

Inna ta ji maganar ɗaukar gangar, ta faɗa wa Yaya. Ya kira ni zaure. Bai ɗaga murya ba, Yaya ba ya ɗaga murya, ko a makarantar Islamiyyar da yake koyarwa haka aka san shi.

"Ka ji abin da likita ya ce, tare muka ji. Mutum yana wannan matsayi, ana neman abin da za a sauke masa, kai kana neman abin da zai ci gaba da kaɗawa bayansa?"

Na ce shi ya nema.

"Na sani. Ba zan yi jayayya da mahaifina ba. Amma ba a gidana ba."

Ba mugunta ce ta sa shi faɗa ba, shi ya sa maganar ta fi nauyi.

Juma'a, 11 ga Agusta, hantsi

Har yanzu ban faɗa wa Inna abin da likita ya ce ba.

Asabar, 12 ga Agusta, ƙarfe biyar na yamma

Na je Miga ɗauko gangar. Bayan Jahun ruwa ya kwanta a gefen hanya, gero ya yi tsayi har ya fara fitar da kai. Gonaki fes, babu ciyawa, kuma babu mutum ko ɗaya a sunkuye. Feshi ake yi yanzu, mutum ɗaya da tanki a baya ya gama abin da da sai an tara maza talatin.

Kawu Ɗan'inna, ƙanin Baba, shi ke riƙe da makullin ɗakin. Yana cikin biyun da suka rage. Gangar tana rataye an lulluɓe ta da buhu, guloli biyu a soke jikin tsarkiya. Danshin damina ya sa fatar ta saki. Mu biyu muka kinkimo ta.

Kawu ya ce, "Yaushe za a sallamo shi? Ga maiwarsa tana son a duba ta."

Na ce sai abin da Allah ya yi.

Ya dube ni, ya daɗe. Sai ya shiga gyara buhun, yana cusa bakinsa ƙarƙashin tsarkiya, alhali a gyare yake.

Lahadi, 13 ga Agusta, bayan azahar

Na shanya ta a rana ta ɗan ja. Na shigar da ita ɗakin bayan shago, na kafa makirfo biyu, waɗanda nake bayarwa haya wajen wa'azi da taron suna. Dole ni zan buga don gwaji. Rabona da riƙe gula tun ina aji biyu na sakandare, ranar da na ce wa Baba ni waya da dalma nake so. Bai taɓa tayar mini da maganar ba.

Na buga. Kwalaben da ke kan kanta suka yi rawa, na ji abin a cikina. Na kunna abin da kwamfuta ta ɗauka: tas, tas, tas. Gwangwani. An ƙera makirfon nan don muryar mutum ne, ƙugi wuce su yake yi. Wanda ake ɗaukar manyan ganguna da shi sai Kano, kuma ko na aika, ban san kwana nawa zai ɗauka ba. Kwanaki ne ba ni da su.

Litinin, 14 ga Agusta, ƙarfe tara na safe

Bai ci komai ba jiya. Ƙafafun sun ƙara kumbura.

Litinin ɗin dai, bayan la'asar

Ina gwada wata tsohuwar lasifika mai inci goma sha biyar da na cire daga akwatin da ruwa ya lalata. Na ɗora mitar awon wuta a kan wayoyinta, hannuna ya danna takardar fuskarta bisa kuskure, allurar mita ta motsa. Na sake dannawa, ta sake motsawa. Sai na tuna maigidana Malam Abdurrahim, wanda ya koya mini aiki, Allah ya jiƙansa. Yakan ce lasifika da makirfo uwarsu ɗaya ubansu ɗaya: koyil ne, wato naɗaɗɗiyar waya, da maganaɗisu. Ka ba ta wuta, ta ba ka sauti. Ka ba ta sauti, ta ba ka wuta. Kuma takarda mai faɗi haka ba ta damu da ƙananan ƙara ba, nauyinta ba zai bari ba, sai iska mai ƙarfi ce za ta tura ta.

Na yanke wayar makirfo, na liƙa bakin biyu a jikin lasifikar da dalma, na soka ɗaya bakin a mikisa, na'urar haɗa sauti. Na jingina ta gaban gangar, na buga sau ɗaya. Fitilun mikisa suka haura ja gaba ɗaya. Wutar da take bayarwa ta yi yawa. Na sa resisto biyu a tsakani na rage mata ƙarfi. Na sake bugawa, na kunna.

Mashkura tana tsakar gida, katanga ce tsakaninmu. Ta leƙo da ludayi a hannu ta ce, "Hadari ne?"

Na zauna a ƙasa. Ban san tsawon lokacin da na yi a zaune ba.

Talata, 15 ga Agusta, bayan azahar

Matsala biyu. In lasifikar tana ƙasa, tana kwasar motsin daɓe, har takun mai wucewa. Na sami tsohuwar kujerar ƙarfe marar mazauni, na rataye ta a ciki da robar tayar babur, ta koma tana lilo ba ta taɓa komai. Tazarar taƙi ɗaya daga fatar ta fi kyau.

Ta biyun ta fi ba ni wuya. Lasifika ƙugi kawai take ji, ba ta jin saukar gula, don haka sai na haɗa ta da makirfo ɗaya. Da na haɗa sautin biyu, sai ƙugin ya tsere, kamar suna cinye juna. Na yi awa biyu ina zargin mikisa. Ashe wayoyin ne a juye, ɗaya na turawa ɗaya na ja. Na musanya su. Ganga ta tsaya da ƙafafunta.

Na je Limawa in faɗa masa, na tarar yana barci. Inna tana yi masa fifita. Ta ce, "Wannan ƙarin maganin bai karɓe shi ba." Na ce sai a hankali.

Alhamis, 17 ga Agusta, ƙarfe sha ɗaya

An kwantar da shi a asibiti.

Asabar, 19 ga Agusta, bayan la'asar

Yana nan. Ni da Yaya muna karɓa-karɓa. Ba ma maganar ganga. Ba ma maganar komai, sai wa zai kawo ruwan zafi, wa zai kai Inna gida ta huta. Yau na iske Yaya yana yanke masa farce, ya ɗora hannun Baba a cinyarsa, yana bi ɗaya bayan ɗaya. Na koma baya ban shiga ba.

Allurar da ake yi masa ta taɓa kunnensa. Sai an matso ana magana da ƙarfi.

Lahadi, 20 ga Agusta, hantsi

Na buɗe shago, na rufe. Mutum biyu sun zo karɓar gyaransu, ban taɓa ba. Gangar tana nan ɗakin baya, lasifika a gabanta. Ba na son shiga.

Wataƙila Yaya ne mai gaskiya. Wataƙila don kaina nake yi, ba don shi ba.

Talata, 22 ga Agusta, bayan azahar

An sallame shi. Ba don ya warke ba.

Muna shiga gida, kafin a gama gyara masa matashi, ya kira Yaya. Baba bai taɓa kiran sunansa ba, ɗan fari ne, Babba yake ce masa.

"Babba, gobe zan je wajen ƙaninka."

Yaya yana durƙushe, kansa a ƙasa.

"To, Baba. Da wane lokaci?"

"Da hantsi, kafin jikin ya mutu."

"Ni zan kai ka."

Laraba, 23 ga Agusta, bayan la'asar

Yaya ya kawo shi a motarsa. Mu biyu muka ɗauko shi har ɗakin baya, muka zaunar da shi a tabarma, bayansa jingine da buhun gero. Yaya ya fita ya koma cikin mota, ya ɗaga gilashi.

Baba ya shafa fatar, ya ƙwanƙwasa da yatsa, ya ce in ja tsarkiya ta nan da ta nan. Ba shi da ƙarfin ja, amma yatsansa ya san inda ta saki. Ya dubi lasifikar da ke lilo a cikin kujera.

"Wannan ba ita ce mai ihu a gidan biki ba?"

Na matsa kusa da kunnensa na ce yau saurare za ta yi.

"Ashe tana iyawa," in ji shi. "Ta fi wasu mutanen."

Ya yi bisimilla. Kafin kowane take sai ya faɗi sunan mai shi, da ƙauyensu, da abin da aka san shi da shi. Sale Dogo na Gabas, wanda ya karya garma biyu a yini ɗaya. Abdurrahman Mai Jan Sa, wanda ba ya shan ruwa sai an tashi. Sannan ya kaɗa. Hannun ba ya ɗaguwa sama kamar da, a hankali yake sauke gula, har na ji tsoron ba abin da zai fito. Amma ina kallon takardar lasifikar tana shiga tana fita kamar ƙirjin mai barci.

A na bakwai ruwa ya sauko. Rufin kwano ne, makirfo ya cika da ƙarar ruwa. Na so in tsayar da shi, na duba layin lasifikar a kwamfuta, na ga ko ɗigo bai shiga ba. Na bar shi ya ci gaba. Shi bai ma ji ruwan ba.

Sha ɗaya ya yi. A na sha biyu gula ta suɓuce, ta gangara ƙarƙashin benci. Bai nemi a ɗauko ba.

Da na fita kiran Yaya, na tarar gilashin motar a sauke, kafaɗar rigarsa ta jiƙe sharkaf.

Alhamis, 24 ga Agusta, ƙarfe goma

Yau ko zama bai iya ba.

Juma'a, 25 ga Agusta, bayan sallar Juma'a

Inna ta biyo ni har ƙofar gida. Ta ce in tsaya.

"Kai da ɗan'uwanka kun gaji da ɓoyo?"

Na rasa inda zan sa idona.

"Tun ranar da kuka fito daga wajen likita kowa yana kallon takalminsa na sani. Shi ma ya sani. Mun bar ku ne, don mun ga kuna bukatar ku riƙe wani abu." Ta gyara mayafinta. "Shida suka rage masa, ya faɗa mini. Ka shirya kayanka gobe."

Kwana goma sha takwas ina ɗauke da abin da ba nawa ba ne ni kaɗai.

Asabar, 26 ga Agusta, bayan azahar

Ya gama shidan. Da hannu ɗaya ya yi, na dama, yana hutawa tsakanin kowane biyu. Inna ta zo wannan karon, ta zauna a bakin ƙofa tare da Mashkura. A na ƙarshe, taken wani Mu'azu Baƙin Ƙarfe, Inna ta rufe fuska da mayafi. Yayanta ne. Ban taɓa sanin yana da take ba.

Na ce saura na Kawu Ɗan'inna da na ɗaya mai ran.

"Masu rai su jira," in ji shi. "Sa mini in ji."

Na kunna a manyan akwatunan lasifika. Ya karkata kai, ya girgiza. Kunnen ba ya kawo masa. Na ƙara sauti, ya sake girgizawa. Sai na cire wayar lasifikar nan daga mikisa, na cire resisto biyun, na mayar da ita bakin amfilifaya yadda aka ƙera ta. Na jawo kujerar gabansa, na kama hannunsa na ɗora tafin a kan takardar. Na kunna taken Sale Dogo.

Hannun ya shiga rawa a kai. Ya lumshe ido. Na ga yatsun ɗaya hannun suna bi a kan gwiwarsa. Ya bari har aka kai ƙarshe.

"To," ya ce. "Ita ce."

Ya ce in kai wa iyalan kowa nasa, kada in haɗa in bai wa gidan rediyo, kada in sa a waya ya yi ta yawo. Wanda ya ce ba ya so, kada in matsa masa. Ya ce in maimaita, na maimaita.

Litinin, 28 ga Agusta, hantsi

Ya daina magana da mu. Leɓɓansa dai suna motsi. Yaya yana zaune a gefen kansa da Alƙur'ani.

Laraba, 30 ga Agusta, ƙarfe huɗu na yamma

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Alhamis, 31 ga Agusta, bayan la'asar

A Miga. Yaya ne ya ja sallar jana'izar. Ƙasar a jiƙe take, ba ta ba masu haƙa wuya ba.

Lahadi, 3 ga Satumba, bayan azahar

An watse daga zaman makoki. Na kai wa gidaje huɗu nasu a katin memori. A gida uku an karɓa. A na huɗun babban ɗan ya ce sun gode, amma a bar shi. Na mayar aljihu.

Jikan Sale Dogo ya sa a wata ƙaramar rediyo, ƙugin bai fito ba, rediyon ba za ta iya ba. Na ce in ya shigo Dutse ya zo shago ya ji yadda take. Kawu Ɗan'inna bai tambayi nasa ba, ni ma ban tayar da zancen ba.

Laraba, 6 ga Satumba, ƙarfe sha ɗaya na safe

Ina cikin naɗa koyil sai ga Yaya a ƙofar shago. Bai taɓa zuwa shi kaɗai ba. Muka gaisa, na goge masa benci. Ya tambayi Mashkura, ya ce Inna ta ɗan ci tuwo jiya. Sai ya ce, "Guda nawa ya yi?"

Na ce sha bakwai.

"Karanto mini sunayen."

Na buɗe kwamfuta na karanta masa. Bai ce in kunna ba, ban kunna ba. Yana gyaɗa kai a kan kowane suna, wasu ma yana riga ni faɗar ƙauyen.

"Bai kaɗa nasa ba," ya ce.

Na ce ban san yana da shi ba.

"Makaɗi ba ya kaɗa takensa. Kakanmu ne ya yi masa, tun yana saurayi yana noma, kafin ya gaji gangar. Kai ba a haife ka ba lokacin da Kaka yake kaɗa shi. Ni na riƙe wa Kaka ƙaramar ganga shekara shida."

Wannan ma ban sani ba. A gidanmu ba a taɓa faɗa ba.

Ya matso da bencin jikin kanta. Ya ture kwalin dalma gefe, ya share wurin da tafin hannu. Na miƙa hannu wajen kwamfuta.

"Kada ka ɗauka."

Na janye hannuna.

Da yatsu biyu na dama da gindin tafin hagu ya yi shi, a kan katakon kanta. Take ne mai tafiya a hankali, yana da wata 'yar tsayawa a tsakiya kamar mutum ya ɗago ya share gumi, sannan ya ci gaba. Bai yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Ya kai ƙarshe, ya sake daga farko, yana kallona, na gane so yake in riƙe. A karo na uku na bi shi a kan gwiwata. Na ɓata wajen tsayawar, ya girgiza kai, ya koma ya maimaita mini wurin har na samu.

Ya miƙe, ya kakkaɓe rigarsa.

"Allah ya gafarta masa," ya ce.

Na ce amin.

Na raka shi bakin mota. Ya ce in zo da Mashkura ranar Juma'a mu ci abinci da Inna, ba ta son cin abinci ita kaɗai.